Guntun Itacen Ya: Daga Diffa Zuwa Singafo

Litinin: Diffa zuwa Damagaram

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na shiga ɗakin mahaifiyata in yi mata sallama. Mu 'ya'yanta Ya muke ce mata, mutanen Diffa kuma Ya Falmata mai turare. Na tarar da ita zaune a kan darduma, ta riga ta yi alwala. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta laluba ƙarƙashin matashin kai, ta ciro wani ƙullin ƙyalle, ta kama hannuna ta danƙa mini.

"Gaji, kin san abin da ke ciki."

"Na sani, Ya."

"In kin samo irinsa, alhamdu lillahi. In ba ki samo ba, ki dawo mini da nawa. Ko ƙwayar gero ya rage, ki dawo mini da shi."

Abin da ke cikin ƙullin guntun itace ne baƙi, bai wuce tsawon ƙaramin yatsa ba. Mahaifinmu ne ya zo da shi daga Makka tun yana saurayi, zamanin da ake tafiya ta ƙasa, a ratsa Cadi da Sudan. A can ya yi jinyar wani alhaji mutumin tsibirin Jawa da zazzaɓi ya kayar. Da mutumin ya warke sai ya ba shi itacen, a lokacin tsawonsa ya kai kamu guda. Baba manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu, ba ruwansa da haɗa turare, sai ya bar wa Ya. Shekara arba'in tana kankarar sa kaɗan-kaɗan tana zubawa a turaren wutar da take haɗawa, shi ya sa matan Diffa da Maine, har da na Damasak, ke gane nata ko a tsakiyar taron biki. Shekarar da Baba ya rasu itacen ya koma ɗan guntun nan. Ta kife turminta, ta ce ta gama. An kawo mata itacen ud daga Makka, an kawo daga Maiduguri, ta shinshina ta tura gefe. Ni kuma na roƙe ta ta koya mini haɗin har bakina ya gaji, kullum amsarta ɗaya, wai me za ta koya mini alhali uban gayyar babu? Shekara bakwai ke nan. Idonta ya tafi, ƙafa ma ta fara gardama, ni kuwa tsoro nake kada ta tafi da abin a kanta.

Maigidana Alhaji Mutari mutumin Damagaram ne, yana da shagon rediyo da agogo a kasuwar Diffa. A shekarun da wayar salula ta fara shigo mana ya soma zuwa Singafo saro kaya. Wani mai turare a Jidda ya taɓa ce masa irin wannan itacen daga tsibiran gabas yake fitowa, kuma Singafo ce matattararsa. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, da dogon hutu ya zo na ce masa bana ƙafata ƙafarsa.

Biyar da kwata motarmu ta bar tasha. A bushe muka bar Komadugu, manoma sun gyara fadamu suna jiran isowar ruwa. Bakwai saura muka shiga Maine-Sorowa, jandarma suka duba katunanmu suka ɗaga mana igiya. Tsakanin Maine da Gudumariya hanya ta ci ta cinye, rami na bin rami, direba kuwa ko a jikinsa. Wata tsohuwa a bayana ta kasa daurewa.

"Direba, ka tuna mutane ka ɗauko, ba buhunan tattasai ba!"

"Hajiya, ai tattasai ya fi ku haƙuri, shi ba ya magana."

A Gure muka yi azahar, muka ci tsire da shayi. Ƙarfe shida na yamma muka shiga Damagaram, kilomita wajen ɗari huɗu da saba'in, ƙugu kamar ba nawa ba. Gidan yayar Alhaji muka sauka a Birni, ta tarbe mu da tuwon gero miyar kuka.

Talata zuwa Alhamis: Kano, Alƙahira, Dubai

Bakwai na safe muka shiga ƙaramar mota ta Matamaye. A Ɗan Barto, bakin iyaka, 'yan duwan, wato kwastan, suka zazzage jakata, suka ci karo da ɗan kasko da ledar gawayi da kwalbar turaren wuta. Ɗayansu ya dube ni ya dubi fasfo.

"Madam, Singafo za ki ko gidan amarya?"

"Duka biyu," in ji Alhaji, "mutanen Diffa ne, ko kabari za su sai sun turara likkafani."

Na harare shi, aka mayar mini da kayana. Ƙarfe ɗaya muna Kano. Alhaji ya canji kuɗi, ya sayi goro ƙwarya guda, muka kwana a masaukin 'yan kasuwa. Laraba da yamma jirgi ya ɗaga da mu. Wannan ne hawana jirgi na farko, kuma ba zan ɓoye muku ba, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Muka sauka Alƙahira, muka yi zaman jira na awa shida a kan kujerun ƙarfe, muka sake tashi zuwa Dubai. Daga Dubai awa bakwai da rabi ba sauka. Ƙullin Ya yana cikin lalitar da na ɗaura a ƙugu, jim kaɗan in taɓa in ji yana nan.

Jumma'a: Singafo

Ƙarfe takwas na safiyarsu muka sauka, agogon hannuna yana nuna ɗaya, don sun riga mu da awa bakwai. Da muka fito waje iska ta rufe ni kamar an kifa mini tukunyar dambu. Mu zafinmu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe. Ko'ina kore shar, titi kuwa tas, ko tsinke babu. Mai tasi wani ɗan ƙasar Sin ne, irin waɗanda muke kira Shinuwa. Ya ga Alhaji ya ɓantari goro, ya yi masa wata magana da Turanci yana kaɗa yatsa.

"Me ya ce?"

"Ya ce in na tofar a titi za a ci ni tara."

Alhajin da ƙofar shagonsa ta rine ja don tofin goro, kwana biyar yana haɗiyewa kamar magani. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Masaukinmu wani tsohon gida ne mai hawa biyu a unguwar Larabawa, kusa da wani masallaci mai ƙubba ruwan zinariya. Mai gidan Ba'indiya ce Musulma, mijinta ya rasu. A can kowace babbar mace Anti ake ce mata, don haka ban taɓa sanin sunanta ba. Ita ba Hausa ba Faransanci, ni ba Turanci, amma mun yi hira da hannu har muka gaji.

Da Alhaji ya tafi masallaci na ce bari in gyara kayana, don kwana huɗu a hanya duk ƙamshinsu ya gudu. Na hura gawayi a kasko, na zuba turare, na lulluɓa laffaya a kai. Minti biyu ba a yi ba wani ɗan farin abu a saman ɗakin ya fasa ihu, ashe na'urar gano hayaƙi ce. Anti ta banko ƙofa da bokitin ruwa a hannu. Da ta ga ni ce a tsugune cikin hayaƙi, ta ajiye bokitin ta dafe ƙirji, can kuma ta fashe da dariya. Ta ja ni bayan gida inda take shanya, ta nuna mini wuri. Daga ranar kullum da safe nan nake turara kayana sai sun kama sosai, in bi da humra. 'Yar Diffa ba ta shiga cikin baƙi jikinta salam.

Asabar: unguwar Indiyawa da ta Larabawa

Tara na safe muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, tasha biyu muka sauka. Unguwar Indiyawa tun daga nesa hanci ke sanar da kai ka iso. Ga masu kitsa furanni suna ratayewa, ga shagunan zinariya, ga yadudduka masu walƙiya, ga buhunan kayan yaji a jere, kurkum da kanumfari da wasu da ban san sunansu ba. Na tsaya gaban buhun busasshen barkono na ɗebo na murza. Ja ne, ba laifi, amma fatarsa siririya, bai kama ƙafar tattasanmu na Komadugu ba. Na gaya wa mai shagon haka da Hausa, ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi.

A babbar kasuwarsu ta kayan miya na ga abin da ya ɗaure mini kai. Mahaucin Musulmi a wannan layi, na Shinuwa a wancan, Ba'indiyen da ba ya cin nama sam yana sayar da ganye a tsakaninsu, kowa na harkar gabansa. Kifi yana iyo a ruwa ake nuna wanda ake so. Muka ci shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da soyayyun ƙananan kifi da gyaɗa, dala biyu ta ƙasar kwano ɗaya. Mai shayin yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa har ya yi kumfa, sak masu shayin tashar Diffa.

Shagon turare na farko nan unguwar yake. Na kwance ƙullin, Alhaji ya yi bayani da Turancinsa na kasuwa. Mai shagon ya yanki gefen itacen, ya kunna masa ashana. Hayaƙi ya tashi, sai ga ɗakin Ya a hancina, har idona ya kawo ruwa. Ya fito da sandal da tsinkayen turare kala-kala, ko kusa babu mai kama da shi.

Bayan azahar muka koma unguwarmu. Shagunan turare a jere suke, kwalabe tun daga ƙasa har rufi. A na biyu na ce a kawo garwashi jajir, na ɓantari itacen da kaina na jefa, yadda muke yi a gida. Ya yi tartsatsi ya ƙone nan take. Suka ƙona mini nasu kala shida, duk na ce a'a. A shago na uku ma haka. Da na zo ƙullewa na dubi abin da ya rage. Itacen da ya kai yatsa da safe ya koma kamar ƙwayar wake.

Mai shagon na uku dattijo ne, kakanninsa daga Yaman suka zo, shi da Alhaji sun fahimci juna da Larabci. Ya ga yadda fuskata ta canza, ya ce wa Alhaji su ma sari suke yi a wajen wani tsoho a unguwar Shinuwa, in shi bai gane itacen ba to a haƙura. Ya rubuta mana kwatance a bayan takarda.

Lahadi da Litinin: benen wayoyi da unguwar Shinuwa

Lahadi ta Alhaji ce. Wani bene ne hawa shida, kowane hawa wayoyi da rediyo da na'urori. Yana ciniki da ɗan injin lissafi, shi ya danna, mai kaya ya danna, ba mai cewa uffan. Ni dai ina zaune a kujera hankalina na kan ƙwayar waken da ke ƙuguna.

Litinin goma na safe muka nufi unguwar Shinuwa. Na turara laffayata mai ruwan goro fiye da kullum, na ce yau wajen babban gwani za ni, kada ya raina mu. Muka bi ta layin masu maganin gargajiya, bango duk 'yan akwatuna ɗaruruwa, kowanne da sassaƙe ko saiwa a ciki. Busasshen kifi iri-iri, busassun ƙadangaru a tsire a tsinke, har da sheƙar tsuntsu wai miya ake yi da ita. Na tuna bandar da ake kawo mana daga Tafkin Cadi, na ce ashe kowa da irin nasa.

Shagon tsohon a wani lungu yake, ƙarami, ba ado, sai gungumen itatuwa a kan katako. Alhaji ya ce masu wuraren bautarsu yake sayar wa, da Larabawa, da duk mai so. Tsohon siriri ne, da farar singileti da tabarau a goshi. Ina shiga ya ɗago kai, ya ja numfashi, ya toshe hanci da yatsa biyu. Na miƙa masa ƙullin, bai ma karɓa ba. Ya nuna laffayata, ya nuna ƙofa, yana ta magana.

"Alhaji, me yake cewa?"

Alhaji ya sosa ƙeya. "Malama, kada ki yi fushi. Ya ce ke kanki shagon turare ce. Ya ce muddin kina cikin kayan nan, ko ke ko shi ba mai jin ƙamshin komai."

"Korata yake yi?"

"Ya ce ki je ki yi wanka da ruwa zalla, ki sa tufar da ba ta taɓa ganin hayaƙi ba, kada ki ci yaji ko albasa, ki dawo gobe da sassafe."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa toshe hanci don na shigo, sai dai a ce wace ce wannan. Na fito ina huci. Alhaji yana biye da ni yana danne dariya, wai shekara goma sha biyar yana neman mai gaya mini, sai ga shi a Singafo. Na ce masa ya ci gaba da haɗiye goronsa. Amma da muka zauna a jirgi na huce, sai na gane ɓarnar da na yi. Shago uku na ƙona itacen Ya a banza, hancina cike da turaren jikina. Ga shi Laraba jirginmu zai tashi.

Da la'asar na je wa Anti da hannu da ido, Alhaji ya cike mata sauran. Ta shinshina jakata, ta shinshina har darduma, ta girgiza kai. Ta shiga ɗakinta ta fito da doguwar riga da siket irin na matan Malay, 'yan asalin yankin, da farin ɗankwali, wankakku, ba ƙamshin komai sai na rana. Ta ba ni wani sabulu marar ƙamshi, ta nuna kitsona, ma'ana har shi.

Talata: shagon tsoho

Bakwai da rabi muka fita, cikina ba komai sai ruwan zafi. Wallahi ji na yi kamar na fito ba mayafi. Duk wanda muka gitta sai in ga kamar ya san ba na ƙamshi. Alhaji ma an hana shi goro, muna tafe kamar marayu.

Tsohon ya shinshina iska, ya gyaɗa kai, ya ba ni kujera. Ya karɓi ƙwayar itacen ya sa tabarau, ya juya ta, ya kai hanci. Sai ya ɗauko 'yar wuƙa ya fara kankare bayanta. Na miƙe tsaye.

"Alhaji, hana shi! Ƙarar da shi zai yi!"

Suka yi magana. Alhaji ya juyo ya ce, "Ya ce bayan itacen ya sha wasu turaruka, shekara da shekaru. Ya ce abin da kika yi ta ƙonawa kina nema a shaguna, ba ƙamshin itacen ba ne."

Na koma na zauna. Gaskiya ya faɗa. Shekara bakwai guntun nan yana ƙarƙashin matashin Ya, tana shafa shi da hannun da ke cike da humra. Ƙamshin ɗakin uwata na yi ta nema a shagunan Singafo, ina kuwa za su same shi?

Da ya gama kankara, abin da ya rage bai fi ƙwayar shinkafa ba, baƙi wuluk, yana ɗan maiƙo. Ya jawo wani ƙaramin kwano cike da farar toka, ya binne garwashi a ciki, ya ɗora wani ɓawo siriri mai sheƙi a kai. Ya ɗaga ƙwayar da ɗan hantsaki, ya tsaya yana dubana.

"Ya ce ba ta rabuwa biyu," in ji Alhaji. "In ya ɗora, shi ke nan. Malama, ki tuna abin da Ya ta ce."

Na tuna. Ko ƙwayar gero ya rage. Ga shi a gabana, ya ma fi ƙwayar gero, ina iya ƙulle shi in kai mata in ce na cika alkawari. Ta mayar ƙarƙashin matashi, turmi ya ci gaba da zama a kife har ranar da za a fitar da ita. In kuma na bari aka ɗora ban gane komai ba, na raba makauniya da abu ɗaya da ya rage mata na mijinta. Na yi bisimilla na ce ya ɗora.

Ba hayaƙi, ba tartsatsi. Har na buɗe baki zan ce wutar ta mutu, ya ɗaga mini hannu, ya turo kwanon gabana. Ƙamshin ya taso a hankali, mai sanyi, da ɗan ɗaci a ƙarshensa. Ban san lokacin da na ce "Baba" ba. Akwatin ƙarfen Baba ne. Nan itacen yake zama a naɗe cikin rigarsa ta Jumma'a, Ya ba ta ɗauko shi sai za ta kankara. Ina yarinya ni ake aika in ɗauko rigar, in na ɗaga murfin wannan ƙamshin ke fara tarbata. Na yi kuka a gaban mutumin da ban sani ba, cikin tufar aro. Shi kuwa ya rufe ido yana shaƙa, har ƙwayar ta bushe ta zama gawayi.

Daga nan ya fara kawo nasa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗan ƙanƙane a kan tokar. Tsakanin kowane biyu sai ya tura ni ƙofa in sha iska. Na farko ya cika zaƙi. Na biyu kamar fatar jima. Na uku ya yi kusa har na yi shakka, amma na ce a'a. Na huɗu ma a'a. Tsohon ya dube ni ta saman tabarau, ya yi ɗan murmushi, ya hau wani tsani ya daɗe. Ya sauko da wani abu a naɗe cikin tsohuwar jarida. Tun kafin ɗumin tokar ya gama ratsa shi na dafa hannun Alhaji, na ce shi ne.

Tsohon ya jefa guntun cikin kofin ruwa, ya nutse har ƙasa kamar dutse, alamar na ƙwarai ne. Tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Da Alhaji ya ji farashin ya dubi rufi, ya dube ni, sannan ya ce kwali ɗaya na wayoyi ya jira baɗi. Ban taɓa son mutumin nan kamar ranar ba. Tsohon ya haɗa mana da takardar da za mu nuna wa 'yan duwan, ya ɗauki ƙyallen Ya, ya ninke shi ya miƙo mini da hannu biyu.

Na mayar wa Anti kayanta, na bar mata kaskona da sauran turaren da na zo da shi. Ta ba ni ƙullin kayan shayi.

Laraba zuwa Litinin: komawa gida

Laraba ƙarfe biyu na rana muka tashi. Hanyar da muka bi ita muka maimaita, Dubai, Alƙahira, Kano. Kwana biyu muka yi a Kano Alhaji yana fitar da kaya. Yana taka ƙasa ya ɓantari goro ya tofar, ya ce alhamdu lillahi. Lahadi muka kwana Damagaram, Litinin biyar na asuba muka kama hanyar gabas. Duk ramin da motar ta faɗa sai zuciyata ta faɗa tare da ita. A shagon tsoho na tabbata, amma a hanya shakka ta kama ni. Idan hancina ne ya yaudare ni fa? Ni da na ƙona shago uku a banza?

Bayan Maine muka fara ganin kore. Wani fasinja ya ce ruwan Komadugu ya iso kwana huɗu da suka wuce, an fara dashen tattasai. Biyar da rabi na yamma muka sauka a tashar Diffa. Ban tsaya gidana ba.

Ya tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta ji takuna ta ɗago kai.

"Wushe, Gaji. Kun sha hanya. Ina Alhaji?"

"Yana tasha da kaya, Ya."

"Ina nawa?"

Na durƙusa na sa mata ƙyallen a hannu. Ta warware shi, ta shafa tsakiya, ta shafa gefe-gefe, ta kakkaɓe a tafinta. Ta ninke shi ta ɗora a cinya, ta juyar da fuska wajen bango. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tashi na ɗebo garwashi a murhu, na zuba a kasko, na rufe shi da toka. Na kankari sabon itacen kaɗan na ɗora a kai, na ajiye kusa da ita. Ta miƙa hannu ta ji ɗumin kaskon.

"Wa ya koya miki rufe wuta da toka?"

"Wani tsoho ne, Shinuwa."

"Haka Malam, babanku, yake yi. Ni ce mai gaggawa."

Ana kiran sallar magariba a masallacin unguwa. Na ga hancinta ya motsa, ta sunkuyo, ta jawo kaskon da hannu biyu har gaban fuskarta. Ta daɗe a haka. Hawaye ya gangaro daga idanun nan da ba sa gani.

"Kin buɗe akwatin Malam," ta ce.

Ban taɓa gaya mata zancen akwatin ba. Na kifa kaina a gwiwarta, na sa mata itacen a hannu. Ta auna nauyinsa, ta shafa shi daga wannan kai zuwa wancan. Sai ta ce in kawo wuƙa, ta nuna mini daidai tsawon ƙaramin yatsa, ta ce in yanke. Ta ƙulle guntun a tsohon ƙyallenta, ta laluba hannuna ta danƙa mini, kamar ranar da zan tafi.

"Wannan naki ne, ki ɓoye. Gobe in an yi asuba ki ɗauko turmi."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Alhaji Mutari, da Anti mai tufar aro, da tsohon da ya toshe hanci ya kore ni, Allah ya saka masa. Turmin na same shi a bayan ɗaki, gara ta ɗan taɓa bakinsa. Na wanke na kawo gabanta da sassafe, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce in fara da kajiji, tafi biyu, kada in kuskura in sa uku.